Kukan Ɗan Fari a Gidan Hajiya Yagana

"Cewa ta yi ba ni da kunya, ko?"

Abdulmannan bai ɗago ba. Yana zaune a kan dakalin soron gidan su Bushira da ke unguwar Matsaro, sai juya makullin mashin ɗinsa yake a tsakanin yatsu.

"Ba haka Hajiyarmu ta faɗa ba, Bushira."

"To yaya ta faɗa? Don girman Allah kar ka yi min kwana-kwana. Gara in ji ta yadda ta fito."

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Ranar da kika kai yaron nan rigakafi, ashe tana asibitin, ta raka ƙanwata Adila awo. Ta ce da idonta ta gan ki kin ɗaga shi sama, kina sumbatar tafin ƙafarsa, kina kiran sunansa gatsal a tsakiyar mata. Wai ko baki ya taɓe zai yi kuka, har kin sunkuce shi."

Bushira ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Ba wai ba ta san al'ada ba. A Haɗeja aka haife ta, a nan ta girma. Ta san ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake uwa takan kawar da kai har sai wata babba ta ce ke, ɗauke shi mana. Nata laifin kuwa ninki ne, domin sunan mijinta yaron ya ci. Shu'ibu, wanda kwale-kwale ya kife da shi a ambaliyar bara yana dawowa daga gonar shinkafarsa ta Auyo, ya bar ta da tsohon ciki. Kowa a gidan Halifa yake ce wa yaron. Ita kaɗai take cewa Shu'ibu. Lokacin da mai sunan yake raye kunya ba ta taɓa barin ta ta furta shi ba, har ruwa ya tafi da shi bai ji ba. Shi ya sa yanzu ba ta iya riƙe sunan a baki.

"Sai me kuma ta ce?" in ji Bushira.

"Ta ce bazawara ce, ta haƙura. Mai goyo ce, wannan ma ta haƙura. Amma macen da ba ta iya jin kukan yaro ta daure, sangartattu za ta tara min a gida. Wai yaron da ya saba da hannu ba ya zama namiji. Su Kawu kuwa kin san su, ba wanda zai taka ya zo tambayar aurenki sai Hajiya ta ce to."

Hawayen da take riƙewa suka gangaro.

"Na shiga uku. Yanzu duk matan gidanku sun ji ke nan?"

"Bushira, saurare ni." Ya matso bakin dakalin, ya sassauta murya. "Gobe za ku zo wa Adila barka ke da Gwaggo, ko ba haka ba? Rana ɗaya nake roƙonki. Ki sauke shi ki ajiye. In ya yi kuka ki kawar da kai kamar yadda kowace mace take yi. Ta gani da idonta kina da kara. Sauran ki bar min."

"In ya miƙo min hannu fa?"

"Kuka ne kawai, ba ya kisa."

Ta dube shi ta cikin hawaye. Wannan shi ne malamin gonan da ya tsaya da ƙafarsa aka girbe ɗan abin da ruwa ya bari a gonar marigayi, ya kawo har ƙofar gidan nan, bai ko tsaya an yi masa godiya ba. Tun daga ranar zuciyarta da ta zaci ta mutu ta fara motsi, har ta kai yau ba ta iya tunanin rayuwa ba shi.

"Kai ma haka Hajiya ta yi maka?"

Ya yi 'yar dariya.

"Ni ai ɗan fari ne na gasken gaske. Ana yaye ni aka kai ni Guri wajen kakata. Har yau ban taɓa jin sunana a bakin Hajiya ba. In ba wancan ba, to yaron Guri. Ga ni kuma, ban lalace ba."

Da dariya ya faɗa, amma makullin ya suɓuce masa ya faɗi, ya kuma daɗe a sunkuye kafin ya ɗauka.

"Zan yi," in ji Bushira can ƙasan maƙoshi. "Saboda kai zan yi."

* * *

Washegari da hantsi, Gwaggo 'Yar'azumi, wadda ta riƙe Bushira tun tana ƙarama, tana ɗaura ɗankwali tana zuba faɗa.

"Na sha gaya miki yaro ba ƙwai ba ne. Wannan nas ɗin ta maƙwabta, Maman Joy, ita ta cika miki kai da wai da yaro ya ce ɗis a ɗauka. Su can Kafanchan haka suka tashi, mu nan ba haka muka tarar ba. Ni nawa na farin har ya yi gemu ban haɗa ido da shi a gaban surukai ba."

"Ai shi ya sa ba ya zuwa gaishe ki sai da salla, Gwaggo."

"Ungo naki, ja'ira!" Ta watsa mata daƙuwa. "Bakin nan ma ki bar shi a gida. In kika ɓata wannan, ga Haladu can ƙanin mijinki yana jira, jiya ma ya aiko da busasshen kifi. Shi kuwa ya riga ya faɗa, ranar da aka yaye yaron nan Auyo zai kai shi wajen uwarsu. Sai ki zaɓa."

Bushira ta jawo ɗanta. Ta saka wa yaron wandonsa, ya kama mata yatsa yana ɓangale baki, haƙoransa biyu na ƙasa suna haske. Ta waiga ta ga Gwaggo ta juya baya, sannan ta sa bakinta a kunnensa.

"Shu'ibu, ka taimake ni yau. Kar ka yi kuka."

* * *

Da asuba an yi ruwa, tsakar gidan Hajiya Yagana a unguwar Yankoli da sauran danshi. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, mata 'yan barka sun cika su. A gefe ƙatuwar tukunyar ruwan wankan jego tana tafarfasa, ƙamshin kunun kanwa ya cika ko'ina.

Adila mai jego tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, kanta a ƙasa. Jaririnta na hannun wata tsohuwa, ko inda yake ba ta kallo.

Hajiya kuwa tana kan darduma ita kaɗai, doguwar mace, da zanen Barebari a kumatu, carbi a hannu. Bushira ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta.

"Lafiya ƙalau, 'yar nan." Idon Hajiya ya sauka a kan goyon. "Sauke shi mana. Ko bayan naki ne tabarmarsa?"

Matan suka yi dariya. Bushira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kwance goyon da sauri, ta zaunar da yaron can ƙarshen tabarma kusa da gindin bishiyar, ta koma kusa da Gwaggo ta zauna, ta ba shi gefe. Wata ta miƙa masa cincin, ya hau tsotsa yana marmasa shi a jikinsa.

Jaririn Adila ya tsala kuka. Adila ba ta ko motsa ba sai da tsohuwar ta ce, "Ke, karɓi ki ba shi." Ta karɓa tana kallon bango, ta gama ta mayar.

"Haka muka koya musu," in ji Hajiya, ba tare da ta dubi kowa ba. "Yaro in ya ga fuska shi ke nan, ya hau kanki ya zauna."

"Wallahi kuwa, Hajiya," Gwaggo ta amsa da ƙarfi.

Ana cikin hira Abdulmannan ya shigo ɗauke da daurin itacen wanka, ya jibge kusa da murhu, ya gaishe da manya, ya koma bakin soro ya tsaya kamar mai duba waya.

Sai Shu'ibu ya fara ƙananan koke-koke.

Bushira ta kafa ido a kan saƙar tabarma. Ja, kore, ja, kore. Ta san wannan kukan, na neman a kula shi ne, zai wuce.

Bai wuce ba. Ya ƙara ƙarfi.

"Rabu da shi," in ji wata mata mai haƙorin makka. "Kuka yana buɗe ƙirji."

Nononta ya tsatso. Ta ji danshi yana bin rigarta, ya fito fili a kan atamfar. Ta ja mayafi ta rufe, kunya kamar ta kashe ta. Ta saci kallon bakin soro, Abdulmannan ya gyaɗa mata kai a hankali, alamar daure.

Daga nan kukan ya canja.

Wani irin ihu ne siriri, mai yankewa yana dawowa, wanda ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Tsigar jikinta ta tashi. Ta yunƙura, Gwaggo ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta mintsine mata cinya.

"Kun ji ko?" Hajiya ta ja carbi. "Saba masa aka yi. Rigima ce zalla." Sannan a karon farko ta dubi Bushira sosai. "Amma dai uwar ta yi ƙoƙari. Ashe akwai kara."

Ashe akwai kara.

Maganar ta sauka a zuciyar Bushira kamar ruwan randa a tsakiyar rani. Ta ga su Kawu a soron gidansu, ta ga lalle a ƙafarta, ta ga kanta a ɗakin Abdulmannan. Ta koma ta zauna daram.

Yaron ya kife, ya taso da rarrafe yana ihu, yana ja yana faɗuwa, har ya iso gare ta. Ya kama gefen zanenta, ya ɗago fuskarsa jage-jage da hawaye da majina.

Idon Hajiya na kanta. Idon kowa na kanta.

Bushira ta sa yatsu biyu ta janye zanenta daga hannunsa.

Ya buɗe baki, amma sauti bai fito ba. Numfashinsa ya ɗauke, ƙafafunsa suna harbin iska.

"SHU'IBU!"

Har tsuntsayen kan darbejiya sai da suka tashi. Ta sunkuce shi, ta fizge wandon, sai ga su. Cinnaku ne baƙaƙe, danshin ƙasa ya koro su, garin cincin ya jawo su, sun shige matsematsin cinyoyinsa sun kafa baki. Wurin duk ya yi ja ya kumbura ruɗu-ruɗu.

"Innalillahi!" Matan suka ɗauki salati. Mai haƙorin makka ta hau kakkaɓe zanenta. Adila, wadda tun safe ba ta kalli ɗanta ba, ta yi wuf ta fizge shi daga hannun tsohuwar ta rungume.

Bushira tana cire cinnakun ɗaya bayan ɗaya. Numfashin yaron ya dawo da wani kuka mai tsaga zuciya. Nan a gaban Hajiya, a gaban kowa, ta ɗaga riga ta sa masa nono.

"Yi haƙuri, Shu'ibu. Yafe min, Shu'ibuna. Ni ce, ni na yi maka."

Ba wanda ya yi dariya. Carbin Hajiya ya tsaya cak a hannunta.

Bushira ta miƙe da yaron a ƙirji, ba sallama, ba takalmi, ta nufi ƙofa. Gwaggo na kiranta, ba ta waiga ba.

* * *

A cikin soro Abdulmannan ya sha gabanta. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Bushira, tsaya. Laifina ne. Ni na sa ki."

"A'a." Ta girgiza kai, hawaye na zuba a kan gashin yaron. "Kai ba ka san kukansa ba. Hajiya ma ba ta sani ba. Ni na sani. Tun da ya canja murya na san ba rigima ba ce. Na sani, na kuma zauna."

"Tsoro kika ji, kowa ma..."

"Ba tsoro ba ne, Abdulmannan! Ka san me ya zaunar da ni? Hajiyarka ta ce ina da kara, na ji daɗi. Ana cin naman ɗana, ni ina can ina jin daɗi an yabe ni. Har lalle na hango a ƙafata." Kuka ya ci ƙarfinta, ta jingina da bango. "Ya rarrafo ya zo. Duk matan nan ni ya sani, wajena ya zo. Ya kama zanena, na janye. Da hannun nan na janye."

"Don Allah ki daina."

"Jiya kunyar Hajiya nake ji. Yau wallahi wannan nake jin kunya, shi da ko magana bai iya ba. Ubansa na ƙarƙashin ƙasa, ni kaɗai gare shi, na sayar da shi saboda ina son ka."

Abdulmannan ya runtse ido.

"Ka koma ka ce mata gaskiya ta faɗa, ba ni da kara, ba kuma zan koya ba. Ta nema maka wadda za ta iya. Ina son ka, Allah ya sani, amma ba zan sake zama ina ƙirga saƙar tabarma ba."

Abdulmannan ya buɗe ido. Ya kama mashin ɗinsa da ke jingine a soron ya juya shi ya fuskanci waje.

"Zo in kai ku wajen Maman Joy ta duba shi. Sauran maganar ma yi ta daga baya."

"Kai."

Muryar Hajiya ce. Tana tsaye a ƙofar da ta shiga cikin gida, da ɗan gwangwani a hannu, matan sun yi cirko-cirko a bayanta.

Abdulmannan bai juyo ba.

"Kai, wancan."

Ya zura makulli.

"Yaron Guri, ba ka ji ne?"

Ya tsaya, hannayensa riƙe da kan mashin. Da ya yi magana, muryar ba ta ɗaga ba ko kaɗan.

"Ki gafarce ni, Hajiya. Tun ina ƙarami in aka ce wancan nake juyowa. Yau na kasa."

Soron ya yi tsit. Sai shessheƙar yaron da ke tsotso yana ajiyar zuciya.

Hajiya ta dubi bayan ɗanta, ta dubi cinyoyin jaririn da suka kumbura. Leɓunanta suka motsa, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Sannan a hankali, a rarrabe, kamar mai koyon baƙon yare, ta ce:

"Abdul... mannan."

Gwaggo 'Yar'azumi ta dafe baki. Mai haƙorin makka ta ce la'ilaha. Ita kuwa Hajiya Yagana, da furfurarta da jikokinta, ta ja mayafi ta lulluɓe fuska ruf kamar amaryar da aka kawo jiya.

Mashin ɗin ya tafi ya bugi bango, bai ko lura ba. Ya juyo ya zube a gabanta kan gwiwoyinsa, ƙaton namiji da gemunsa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Na'am, Hajiya."

Ta miƙo gwangwanin ta gefe, fuskarta na kallon bango.

"Man kaɗanya ne. Ba ta ta shafa masa tun bai ƙara hawa ba."

Ya karɓa da hannu biyu ya kai wa Bushira. Ta daɗe tana kallon gwangwanin kafin ta karɓa. Sannan ta durƙusa, kanta a ƙasa, kunya na cin ta, amma ta faɗa.

"Hajiya, in ya yi kuka zan ɗauke shi. Ko a gaban wa."

"Ke!" Gwaggo ta zaro ido.

"Ai na ga alama," in ji Hajiya daga cikin mayafi. "Ni ban ce na yarda ba, kar wani ya je ya ce na ce." Ta gyara tsayuwa. "Sai dai ranar da kawunnansa za su zo gidanku, kar ki fito musu haka ba takalmi."

Bushira ta dubi ƙafafunta, duk taɓo. Ta rasa inda za ta sa fuskarta, sai ta cusa ta a wuyan ɗanta.

Hajiya ta juya za ta shige. Abdulmannan, yana nan a durƙushe, ya ɗago.

"Hajiya... ɗazu ban ji sosai ba."

"Ka ji mana, ja'iri. Ba a maimaitawa."

Ta shige da sauri, mayafin na nan a fuskarta, har tana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Bushira ta zauna a kan dakalin soron, ta lakato man da ɗan yatsa, ta fara shafawa a hankali a kan kowane cizo. Yaron ya zabura, ya lalubo gefen zanenta ya damƙe.

Ta bar masa.